Ɗan Maraya Jos: Mawaƙin talakawa mai tsirkiya ɗaya

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a shekarar 1946. Mahaifinsa, wanda makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan garin, ya rasu jim kaɗan bayan haihuwarsa, mahaifiyarsa kuma ta bi baya tun yana jariri. Sarkin ne ya riƙe shi, kuma daga wannan maraici laƙabinsa ya samo asali.

A wata tafiya zuwa Maiduguri ne ya fara ganin kuntigi, ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake haɗawa da gwangwanin kifi da fatar akuya. Shi ya runguma har ƙarshen rayuwarsa.

Yayin da manyan makaɗa ke wasa sarakuna da attajirai, shi ya waiwayi na ƙasa: ya yi wa karen mota waƙa, ya ja kunnen iyaye kan auren dole, duk cikin raha da kiɗa mai daɗin saurare. A lokacin yaƙin basasa ya ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya. Daga baya Jami'ar Jos ta karrama shi da digirin girmamawa.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015.