Colin Chapman: Baturen da ya rage wa mota nauyi har aka hana shi tsere

Daga Gombe nake rubutu. Mahaifina fataken shanu ne, kuma tun ina sakandare nake bin tirela zuwa Kudu idan an yi hutu. Duk wanda ya taɓa kwana a saman tirela, shanu na nishi a ƙarƙashinsa, ya san gudu ba shi ne magana ba. Maganar ita ce motar ta kai. Shi ya sa tseren Le Mans na ƙasar Faransa ya shiga raina: awa 24 mota na zagaye ba hutu, direbobi na karɓa-karɓa, wadda ta fi cin nisa ita ta yi nasara. A can na ci karo da labarin Colin Chapman.

An haife shi a 1928 a kusa da Landan, ya karanci aikin injiniya a jami'a. Yana ɗalibi yake ɗan saye da sayar da tsofaffin motoci, sai ƙarancin fetur bayan yaƙin duniya na biyu ya kashe kasuwar, aka bar shi da wata tsohuwar Austin 7 da ta yi kwantai. Ɗan kasuwa ya san wannan ciwon. Shi kuwa sai ya kwance ta a garejin iyayen budurwarsa Hazel, wadda ya aura daga baya, ya sake haɗa ta don tsere a 1948. A 1952 ya kafa kamfanin Lotus, a wata tsohuwar bargar dawaki da ke bayan gidan giyar mahaifinsa.

Tunaninsa ɗaya ne har ya mutu. Manyan kamfanoni irin su Jaguar da Ferrari suna ƙara girman inji, shi yana cire ƙarfe. A lissafinsa, ƙaton inji a miƙaƙƙiyar hanya kawai yake taimako, amma mota marar nauyi ta fi saurin tashi, ta fi kama birki, ta fi shan kwana, kuma ba ta cin mai. Injin da ya yi ta amfani da shi, na kamfanin Coventry Climax, asalinsa na famfon kashe gobara ne, an ƙera shi mutum biyu su iya ɗauka. Bodin kuma Frank Costin ya zana, mutumin da ya fito daga kamfanin ƙera jiragen sama, don iska ta riƙa zamewa a jikin motar.

A Le Mans na 1957 abin ya yi masa kyau. Jaguar ce ta zo ta ɗaya, ta ci fiye da kilomita 4,000, wato kamar ka je Legas daga Gombe ka dawo ka sake komawa, da saura. Amma akwai wata kyauta mai tsoka da ake bai wa motar da ta fi yin ƙoƙari gwargwadon girman injinta. Wata 'yar Lotus Eleven mai inji cc 750 ta lashe ta. Ku auna: babur ɗin da 'yan acaɓa ke hawa bai fi cc 100 zuwa 125 ba. Wannan kyauta kuwa ƙananan motocin Faransa suka saba ɗauka.

Sai 1962. Ya fito da Lotus 23, direbansa Jim Clark ya shiga tseren kilomita 1,000 na Nürburgring a Jamus, ana ruwa, ya bar manyan Ferrari a baya, har sai da hayaƙin salansa ya bugar da shi ya sauka daga titi. Kowa ya ga abin da ke tafe. Da suka isa Le Mans, masu duba motoci suka ce tayoyin gaba noti huɗu ke riƙe da su, na baya shida, alhali doka ta ce safaya ɗaya ta shiga ko'ina. Makanikan Lotus suka yi aikin gaggawa suka mayar da na baya huɗu. Sai aka ce ai tunda da shida aka tsara ta, huɗu haɗari ne. Aka hana motar shiga. Wata motar Faransa, Panhard, ta ɗauki kyautar a shekarar. Chapman ya rantse ba zai sake kawo motarsa Le Mans ba, kuma bai sake ba.

Ni dai a ganina an zalunce shi, irin abin da duk mai ɗaukar kaya zuwa Kudu ya sani: ka kawo takardar da aka tambaya, a ce wata ake so. Amma wallahi ba zan ce tsoron masu duban ba shi da tushe ba. Motocinsa sun yi suna wajen karyewa. A gasar Formula 1, inda ya koma ya ci kofin kamfanoni sau 7, fukafukan da ya ɗora wa motoci sun karye a Sifen a 1969, direbansa Jochen Rindt ya ji ciwo har ya rubuta masa wasiƙar koke. A 1970 Rindt ya mutu cikin Lotus a Monza ta Italiya, aka ba shi kofin duniya yana kabari.

Na tuna wata tafiya da wani direba ya sa aka rage wa tirelarsa ƙarafan bodi don ta ɗauki ƙarin shanu. Bayan mun wuce Lakwaja gefen bodin ya buɗe. Sa biyu muka yanka a bakin titi, muka sayar da naman a wulaƙance, Baba ya yi sati bai yi wa kowa magana mai daɗi ba. Don haka ina sha'awar kan Chapman, amma ba zan zuba shanun Baba a motar da ya haɗa ba.

Ko a 1981 sai da aka sake hana wata motarsa, Lotus 88 mai shasi biyu, shiga tsere. Ƙarshen rayuwarsa kuma ya zo cikin badaƙalar kuɗin kamfanin DeLorean, wadda ta kai wani na hannun damansa gidan yari daga baya. Shi bai kai ga kotu ba. Ciwon zuciya ya ɗauke shi ranar 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54.