Emmanuel Ifeajuna: Daga Lambar Zinare Zuwa Daren 15 Ga Janairu

 A shafin tarihi na wannan Juma'a mun ɗauko wani mutum da ba ɗan Arewa ba ne, amma da wuya a ba da labarin Arewa a tsallake shi. Mu da muka taso daga Borno da Yobe muka zauna nan Gombe, duk mun san barikin Maimalari na Maiduguri. Sai dai yaranmu da yawa ba su san mai sunan ba, balle wanda ya harbe shi.

An haifi Emmanuel Ifeajuna a Anacha a 1935. Tun yana sakandare ya yi fice a wasan tsallen sama, wato a gicciya sanda, mutum ya sheƙo a guje ya haura ta ba tare da ya kayar ba. A lokacin 'yan Nijeriya sun fara suna a wannan wasa. Josiah Majekodunmi ya ciyo azurfa a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1950, kuma da ƙasar ta fara zuwa gasar Olamfik a Helsinki a 1952, akwai masu tsalle a cikin tawagar.

Ranar Ifeajuna ta zo a 1954 a birnin Bankuba na Kanada. Yaro ɗan shekara 19, takalmi a ƙafa ɗaya kawai, ɗayar kuwa ba komai, ya haura mita 2.03. Ku ɗaga kai ku dubi saman ƙofar ɗakinku, to kusan nan ne, kuma ba katifar soso irin ta yanzu da za ta tare shi. Ya ci zinare, Patrick Etolu na Yuganda ya zo na biyu, Nafiu Osagie namu na uku. Shi ne baƙin Afirka na farko da ya ci zinare a babbar gasar duniya irin wannan, alhali Nijeriya ko 'yancin kai ba ta samu ba. Har hotonsa aka buga a bangon littattafan rubutu na 'yan makaranta.

Abin mamaki, daga nan ya ajiye wasan. Ya shiga jami'ar Ibadan, ya yi suna wajen jagorantar boren ɗalibai, ya ɗan taɓa koyarwa, sannan a 1960 ya shiga soja. Kafin 1966 ya kai manjo, yana aiki a Legas kai tsaye a ƙarƙashin Birgediya Zakariya Maimalari.

A daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, wasu manjoji suka yi yunƙurin juyin mulki. Nzeogwu ya ja na Kaduna inda aka kashe Sardauna, Ifeajuna kuma yana cikin jagororin na Legas. Shi ya je da sojoji aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa daga gidansa. Maimalari ya samu ya sulale daga nasa gidan da aka kewaye. A hanya ya hangi motar Ifeajuna, ya tsayar da ita don ya ga yaronsa ne, a nan aka harbe shi. Wannan wurin ne ya fi tsaya mana a rai, domin amana ce ta kai shi bakin motar. Laftanar Kanar Abogo Largema, shi ma ɗan Borno, a otal ɗin Ikoyi aka kashe shi a daren. Bayan kwanaki aka tsinci gawar Balewa a gefen hanyar Abeokuta, aka kawo shi Bauchi aka binne. Allah ya jiƙansu da rahama.

Don kada a ɗora wa ƙabila laifin mutum, mu tuna cewa Laftanar Kanar Arthur Unegbe, wanda Ibo ne, shi ma a daren aka kashe shi. Haka 'yan kasuwa da ma'aikatan da aka hallaka a garuruwan Arewa cikin wannan shekara ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Da juyin ya wargaje, Ifeajuna ya tsere Gana, Nkrumah ya karɓe shi. Bai daɗe ba ya dawo aka tsare shi a kurkuku. Ojukwu ya sake shi, ya shiga rundunar Biyafara, aka yi da shi a farmakin da Victor Banjo ya kai jihar Tsakiyar Yamma a Agustan 1967. Farmakin ya ci tura, Ojukwu ya zarge su da shirin kifar da shi. Ranar 25 ga Satumba 1967 aka ɗaure Ifeajuna da Banjo da Philip Alale da Sam Agbam aka harbe su a Inugu. Yana da shekara 32. Ba a cika kwana goma ba sojojin tarayya suka shiga garin.