Denis Burkitt: likita mai ido ɗaya da ya gano sankarar muƙamuƙin yaran Afirka

Yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya kwana lafiya, bayan mako biyu sai a ga kumatunsa ya kumbura, haƙoransa suna girgiɗi. A nan Kaélé ko Marwa ko Garwa, abin da zai fara zuwa ran iyaye shi ne ciwon haƙori ko hangum. Sau da yawa hakan ne. Amma akwai wata sankara da take fara bayyana da wannan kamanni, kuma sunan da likitocin duniya suka san ta da shi sunan wani mutum ne, Denis Burkitt.

An haife shi ranar 28 ga Fabrairu 1911 a garin Enniskillen na arewacin Ailan. Yana ɗan shekara 11 ya rasa idonsa na dama sanadiyyar wani haɗari, ya ƙare rayuwarsa da idon gilashi. A jami'ar Trinity da ke Dublin ya fara da karatun injiniya irin na mahaifinsa, daga baya ya koma likitanci, ya gama a 1935, ya zama likitan fiɗa a 1938. Yaƙin Duniya na Biyu ne ya fara kawo shi Afirka a matsayin likitan soja. A 1946 ya kama aiki a Yuganda, da farko a garin Lira, sannan a asibitin Mulago na Kampala.

A 1957 wani abokin aikinsa, Hugh Trowell, ya nuna masa yaro ɗan shekara biyar da muƙamuƙinsa ya kumbura sama da ƙasa, dama da hagu. Ba a jima ba ya ga wani yaron a Jinja da irin wannan kumburi, har da ƙari a cikinsa. Sai ya koma ya tono tsofaffin takardun asibiti. Nan ya lura cewa yaran da aka rubuta musu ciwon ido, da na ƙoda, da na muƙamuƙi, wataƙila duk cuta ɗaya ce ke cin su. A 1958 ya buga bayanin yara 38 a wata mujallar likitocin fiɗa ta Birtaniya. Kusan ba wanda ya kula.

To, a nan ne aikin masu duba tsoka ya shigo. Likitan fiɗa kumburi yake gani, amma sunan cuta sai an yanki ɗan nama, an yi masa yanka siriri, an rina shi, an sa a madubin likita. Burkitt ya zaci sankarar ƙashi ko tsoka ce. Greg O'Conor da Jack Davies na Makerere su ne suka duba samfuran suka ce a'a, wannan limfoma ce, wato sankarar fararen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke taruwa a kaluluwa. A madubi ƙwayoyin sukan cunkushe su yi duhu, da ɗigo-ɗigon haske a tsakaninsu kamar taurari a sararin dare. Har yau wannan siffa tana cikin alamun da ake nema. Bambancin ba ƙarami ba ne, domin kowace sankara da maganinta.

Daga nan Burkitt ya so ya san inda cutar take da inda babu ita. Kuɗin bincike kaɗan ne, sai ya buga takardu masu hotunan yaran ya aika wa asibitoci a faɗin Afirka yana tambaya. A ƙarshen 1961 shi da likitoci biyu, Ted Williams da Cliff Nelson, suka shiga wata tsohuwar mota Ford, suka yi mako goma suna tafiya ta kusan kilomita 16,000, suka ziyarci asibitoci fiye da 50. Taswirar da ta fito ta nuna cewa cutar tana bin wuraren zafi da damshi, tana ƙaurace wa tuddai masu sanyi. A Afirka ta Yamma kuwa ruwan sama ne ma'auni: ta yawaita a kudancin Najeriya, ta yi ƙaranci a wajajen Kano. Ka ga taswirar sauro ke nan.

A Maris 1961 ya yi lacca a asibitin Middlesex na Landan. Cikin masu sauraro akwai Anthony Epstein, wanda ya roƙi a riƙa aiko masa da samfura daga Kampala. A 1964 Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka gano wani bairas a cikin ƙwayoyin, wanda ake kira Epstein-Barr. Shi ne bairas na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam, kuma daga baya aka same shi a sankarar bayan hanci. Sai dai kusan kowa na ɗauke da shi ba tare da wata illa ba. Fahimtar da aka kai gare ta ita ce, zazzaɓin cizon sauro da ke maimaituwa yana raunana garkuwar yaro, bairas ya samu dama, sannan a samu musanyar gutsure tsakanin kuromozom na 8 da na 14, ƙwayoyin su shiga ninkuwa ba birki.

Abin farin cikin shi ne, saurin girman nata shi ne lagonta. Ƙwayoyinta na iya ninkawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma magungunan sankara irin su methotrexate da cyclophosphamide sun fi kama ƙwayar da ke sauri. Burkitt ya ga kumburi ya narke cikin 'yan makonni. A Ibadan ma wani ɗan ƙasarmu, Farfesa Victor Anomah Ngu, ya yi irin wannan aiki. A 1972 su biyun suna cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka. Ngu ya zama ministan lafiyar Kamaru daga 1984 zuwa 1988.

Burkitt ya bar Yuganda a 1966 ya koma Ingila, inda ya buɗe wani sabon babi. Ya lura cewa sankarar hanji da basur da wasu cututtukan ciki sun fi yawa a Turai, ya danganta hakan da cin abincin da aka cire wa dusa. Ba duk abin da ya faɗa ne bincike ya tabbatar ba, amma shawarar cin hatsi da dusarsa, da wake da ganye, ta zauna. Ya rasu ranar 23 ga Maris 1993 a Gloucester, yana da shekara 82.

Mu da damina ke kawo mana sauro kowace shekara, darasin a fili yake. Kumburin fuska ko ciki da ke ƙaruwa kullum a jikin yaro, ko haƙoran da suka soma girgiɗi ba dalili, ba na jira ba ne, ba kuma na tsagar wanzami ko cire haƙori a kasuwa ba. A kai shi asibiti. Idan likita ya ce za a ɗauki ɗan nama a aika babban gari don a duba, a yarda, domin wannan sakamakon ne zai faɗi maganin da ya dace. Yaran da aka kai da wuri, suka kuma kammala magani, da yawansu suna warkewa. Gidan sauro kuma a ɗaura shi kowane dare.