Tischendorf, Mutumin da Ya Bi Sawun Sabon Alkawari Har Dutsen Sina'i

'Yan'uwa, yawancinmu an taɓa tare mu da wannan tambaya, ko a makaranta ko a kasuwa: ta yaya kuka san Littafin da ke hannunku shi ne abin da manzanni suka rubuta, ba a canza shi a hanya ba? Tambayar ta girme mu duka. Shekaru kusan 200 da suka wuce ta hana malaman tauhidi barci a Jamus, har wani saurayi ya ɗauki aniyar neman amsarta da ƙafarsa da idonsa.

An haifi Constantin Tischendorf ranar 18 ga Janairu 1815 a garin Lengenfeld, a yankin Saksoni na Jamus. Mahaifinsa likita ne. Ya shiga jami'ar Leipzig a 1834, shekara na zagayowa sai David Strauss ya fitar da littafinsa a kan rayuwar Yesu, inda ya ce mu'ujizan da ke cikin Bishara labarai ne da ikkilisiyar farko ta ƙaga sannu a hankali. A Tübingen kuma Ferdinand Baur ya zo yana koyar da cewa sai wajen shekara ta 170 aka rubuta Bisharar Yahaya. In haka ne, wanda ya rubuta ta bai taɓa ganin Ubangiji da idonsa ba.

Masu bi suna da wani rauni da ba su cika son a taɓo ba. Sabon Alkawari na Helenanci da aka fi amfani da shi a lokacin ya samo asali ne daga bugun Erasmus na 1516, shi kuwa Erasmus da 'yan kwafe-kwafe kaɗan ya yi aiki, yawancinsu na wajen ƙarni na 12. Tsakaninsu da manzanni ke nan akwai shekara fiye da dubu. Tischendorf ya ga cewa musu da baki ba zai cike wannan giɓi ba, sai an tono tsofaffin rubuce-rubucen an karanta.

A 1840 ya tafi Paris, aljihunsa ba nauyi. A can akwai wani Littafi Mai Tsarki na fata daga ƙarni na 5, wanda a ƙarni na 12 aka kankare rubutunsa aka rubuta wa'azin Ifraimu na Suriya a kai, kamar yadda ake wanke allo a sake rubutu. Malamai da yawa sun gwada karanta abin da ke ƙasa, kaɗan suka iya tsintowa. Shi ya zauna a kansa wajen shekara biyu yana bin inuwar haruffa ɗaya bayan ɗaya, ya buga sashen Sabon Alkawari a 1843. Daga nan sunansa ya fita.

A 1844 ya isa gidan sufaye na Santa Katarina a gindin Dutsen Sina'i. A faɗarsa, ya ga kwando cike da tsofaffin fatu da za a kai wuta, ya duba, sai ga ganye 129 na Tsohon Alkawari cikin Helenanci, da irin rubutun da bai taɓa ganin wanda ya kai shi tsufa ba. Aka bar shi ya tafi da 43. Sufayen har yau ba su yarda da zancen kwandon nan ba, kuma shaidar da muke da ita daga bakinsa ne kawai. Mu ma bai kamata mu riƙa ba da shi a kan bagade kamar tabbataccen abu ba.

Ya koma a 1853, bai samu komai ba sai ɗan guntun Littafin Farawa. A 1859 ya sake komawa da goyon bayan Sarkin Rasha Alekzanda na Biyu. Ranar 4 ga Fabrairu, yana shirin tafiya hannu rabbana, sai mai kula da kayan gidan ya kai shi ɗakinsa, ya sauko da wani ƙunshi a jan ƙyalle. A ciki akwai sauran ganyen da ya bari a 1844, da wasu sassa na Tsohon Alkawari, da Sabon Alkawari cikakke, da Wasiƙar Barnaba, da wani sashe na littafin Makiyayi na Hamasa. An rubuta shi wajen tsakiyar ƙarni na 4, kuma har yau shi ne cikakken Sabon Alkawari mafi tsufa da ake da shi. Daren nan bai runtsa ba, ya kwana yana kwafar Barnaba. Daga baya aka kawo littafin Alƙahira, shi da wasu Jamusawa biyu suka kwafe shi cikin wata biyu.

To, me littafin ya nuna? A nan ya kamata mu yi a hankali, domin kowane ɓangare yana son ya ja shi wajensa. Bisharun huɗu ne, su ɗin da muka sani. Gicciye yana nan, tashi daga matattu yana nan, wasiƙun Bulus suna nan da koyarwarsu. Wanda ke cewa an sauya saƙon a ƙarnukan baya, sai ya faɗi yadda aka yi kwafin ƙarni na 4 ya ƙunshi saƙon da muke karantawa. Amma akwai bambance-bambance, kuma ba a ɓoye suke ba. Markus ya ƙare a 16:8, babu aya 9 zuwa 20. Labarin matar da aka kama da zina, Yahaya 7:53 zuwa 8:11, babu shi. A shafukan kuma akwai dubban gyare-gyare da hannuwa dabam-dabam suka yi. Tischendorf, mai bi ne na gaske, bai rufe ko ɗaya ba. Ya buga littafin a 1862 da haruffa masu kama da na asali, ya bayyana gyare-gyaren, domin abokin gaba ma ya iya dubawa. In kun ga fassara ta sa waɗannan ayoyi cikin baka ko ta yi ɗan bayani a ƙasan shafi, daga irin wannan aiki abin ya fito.

Sai dai kwafin ƙarni na 4 ba zai faɗa mana shekarar da Yahaya ya rubuta Bishararsa ba. Don haka a 1865 Tischendorf ya rubuta ɗan littafi a kan lokacin da aka rubuta Bisharu, ya kafa hujja da marubutan ƙarni na 2 irin su Jastin da Iraniyus, waɗanda suka san Bisharun suka yi aiki da su. Barnaba ma ya taimake shi. Farkon wasiƙar a da da Latin kawai aka san shi, sai Helenancin Sina'i ya tabbatar cewa marubucin ya kawo maganar da ke Matiyu 22:14 da irin gabatarwar da ake yi wa Nassi, alhali wasiƙar ba ta wuce wajen shekara ta 135 ba. Malamai sun ci gaba da gardama a kan nauyin wannan hujja. Abin da ya ƙara raunana lissafin Baur ya zo ne bayan mutuwarsu duka, a 1935, sa'ad da aka buga ɗan guntun Yahaya 18 da aka samo a Masar, wanda masana da yawa ke sa shi a ƙarni na 2.

Bai rasa 'yan adawa ba. Wani Bahelene, Simonides, wanda Tischendorf ya taɓa tona asirin jabun rubutunsa, ya fito a 1862 ya ce shi ya rubuta littafin da hannunsa yana saurayi. Masana suka bincika suka watsar da zancen.

Tabon da ya fi wuyar wankewa shi ne na yadda littafin ya bar Sina'i. Aro aka ba shi, ya sa hannu a takarda cewa zai mayar in an nema. Ya kai wa Sarkin Rasha, littafin bai koma ba. Sai 1869 shugabannin gidan suka sa hannu a takardar kyauta, aka ba su kuɗi rubul 9,000. Wasu masana na cewa kyautar ta bi ƙa'ida, sufaye kuwa sun daɗe suna ganin an yi musu wayo. A ganinmu, mutumin da ya yi wa haruffa irin wannan riƙon amana ya kamata a ce ya yi wa masu littafin fiye da abin da ya yi. Yana kuma da son yabo da saurin fushi da masu sukarsa, abin da abokansa ma suka sani.

Babban aikinsa na ƙarshe shi ne bugu na takwas na Sabon Alkawari na Helenanci, daga 1869 zuwa 1872, wanda har yanzu masu nazari ke komawa gare shi, ko da yake ana ganin ya fifita littafin Sina'i fiye da kima. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi a 1873, ya rasu a Leipzig ranar 7 ga Disamba 1874, yana da shekara 59.

A 1933 gwamnatin Sobiyet ta sayar wa Ingila littafin a kan fam 100,000, jama'a suka yi karo-karo aka cika kuɗin. A 1975 sufaye suka gano wasu ganyen a wani ɗaki da ke jikin ganuwar gidansu. Yau littafin yana rarrabe a Landan, Leipzig, San Fitasbag da Sina'i, kuma tun 2009 an haɗa hotunan shafukansa a intanet, inda mai bi da mai shakka duk za su iya buɗe ƙarshen Markus su gani.