Al-Kindi, Malamin da Ya Tona Asirin Rubutun Ɓoye

Sunansa Abu Yusuf Ya'ƙubu ɗan Ishaƙa Al-Kindi. An haife shi a birnin Kufa na ƙasar Iraƙi wajen shekarar 801 Miladiyya, mahaifinsa kuwa shi ne gwamnan garin. Da ya tasa sai ya tafi Bagadaza neman ilmi, ya yi zurfi a lissafi da falsafa da likitanci da ilmin taurari. Halifa Ma'amun ya jawo shi jika, Halifa Mu'utasim kuma ya ba shi ɗansa Ahmad ya koyar da shi. Ya wallafa littattafai fiye da 200.

A zamaninsa, in sarki zai aika da wasiƙar asiri, sai magatakarda ya musanya kowane harafi da wata alama. Kowa ya saki jiki, ana ganin ba mai iya karantawa sai wanda ya san alamomin. Al-Kindi bai yarda ba. Ya zauna ya ƙirga haruffan rubutun Larabci, ya ga alif da lam sun fi sauran yawan fitowa. Ashe duk yadda aka sake wa harafi kama, yawan fitowarsa ba ya sakewa. Sai a duba alamar da ta fi yawa a wasiƙa a ce ita ce alif, a bi sauran ɗaya bayan ɗaya har magana ta fito. Ku gwada da Hausa, za ku ga harafin a ne zai fara tona muku asiri.

Ya rubuta wannan dabara cikin wata risala wadda aka gano a Istambul, aka buga ta a Dimashƙa a 1987. Ita ce bayani mafi daɗewa da aka sani a kan warware rubutun ɓoye ta hanyar ƙirga haruffa.

Ƙarshen rayuwarsa bai zo da sauƙi ba. A zamanin Halifa Mutawakkil mahassada suka sa aka ƙwace littattafansa, sai daga baya aka mayar masa. Ya rasu a Bagadaza wajen 873.

To, ina ruwan ɗalibin Rigasa da wannan labari? Duk wanda ya tura kuɗi ta waya, ko ya sayi tikitin jirgin ƙasa na Abuja ta intanet, rubutun ɓoye ne ke tsare masa dukiyarsa. Masana tsaron kwamfuta sun bi sawun Al-Kindi: ba sa amincewa da makulli sai an gwada ɓalle shi. Shi ya sa a 1997 Amurka ta buɗe gasa, masana suka yi ta neman laifin dabarun juna, kafin a tabbatar da tsarin AES a 2001.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, wanda ya sa shekarar haihuwarsa ta zama lambar sirrinsa, ya duba bangonsa tun ɓarawo bai riga shi ba. Allah ya jiƙan Al-Kindi, amin.