John Boyd Dunlop: Likitan Dabbobin Da Ya Hura Wa Taya Iska

'Yan uwana ɗalibai, da yawanmu idan aka ba da hutu babur ne ke ƙarasa mu gida. Mota za ta ajiye ka a Birnin Kudu, daga nan sai ɗan acaɓa, ko ƙaninka ya zo da Boxer ɗin gida ya ɗauke ka zuwa Gwaram, ko Sara, ko wani ƙauye da ke can cikin lungu. Kai da jakarka da direban, duk nauyinku yana kan wurare biyu ne inda taya ta taɓa ƙasa, kuma kowanne bai fi tafin hannu ba. Shi ya sa a wannan fitowar na ɗauko tarihin mutumin da ya sa tayar iska ta shiga hannun jama'a.

An haifi John Boyd Dunlop ranar 5 ga Fabrairu, 1840, a wata gona da ke Dreghorn a ƙasar Sikotlan. Ba injiniya ba ne, bai taɓa zama bakanike ba. Likitancin dabbobi ya karanta a birnin Edinburgh. A 1867 ya tsallaka tsibirin Ailan, ya fara aiki a Downpatrick, daga baya ya kafu a Belfast inda asibitinsa ya yi suna. A wancan zamanin doki ne motar gari, don haka likitan dawakai ba ya rasa abin yi. Ya auri Margaret Stevenson a 1871, Allah Ya ba su 'ya'ya biyu, mace da namiji.

Namijin, wanda ake kira Johnnie, shi ne silar komai. Yana da keke mai ƙafa uku, tayoyinsa na roba ce curarriya, babu iska a ciki. Titunan Belfast kuwa da duwatsu aka shimfiɗe su, yaro na tuƙi ƙashinsa na jijjiga. A ƙarshen 1887 uban ya samu faifan katako mai zagaye, ya naɗe fallen roba ya mai da shi tiyub, ya hura masa iska, ya lulluɓe da yadi mai ƙarfi, ya kafe shi a bakin katakon. Sai ya fita tsakar gida ya gara shi tare da ƙafar keken yaron. Ta roba curarriya ta ɗan tafi ta faɗi. Mai iskar ta ratsa tsakar gidan har ta bugi ginshiƙin ƙofa ta dawo.

Dalilin ba boyayye ba ne. Taya mai tauri idan ta ci karo da tsakuwa sai ta ɗaga kanta da duk nauyin da ke kanta ta haye, ƙarfin tafiya ya ragu. Mai iska kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar ta wuce. Ga sauƙin jiki, ga gudu, ga kama ƙasa. Dunlop ya saka irinta a ƙafafun baya na keken ɗansa, sannan ya nemi takardar mallakar fasaha, aka ba shi a watan Disamba na 1888.

Da farko dariya aka yi masa, domin tayar ta yi kumburi kusa da sirarun tayoyin 'yan tsere. Ranar 18 ga Mayu, 1889, a wasannin Kwalejin Queen's da ke Belfast, wani ɗan tseren keke mai suna Willie Hume ya shiga fili da ita, ya lashe duk tsere huɗun da ya shiga. Cikin waɗanda ya kayar akwai 'ya'yan wani ɗan kasuwar Dublin, Harvey du Cros. Shi wannan bawan Allah bai tsaya jin haushi ba, kuɗi ya hango. Kafin shekarar ta ƙare sun kafa kamfani tare da Dunlop a Dublin.

A 1890 aka yi musu ba-zata. Ashe wani ɗan Sikotlan ɗin, Robert William Thomson, ya riga ya yi rajistar tayar iska tun 1845 a Birtaniya, sannan a Faransa a 1846, da Amurka a 1847. Keken doki ya yi wa, roba na da tsada a lokacin, abin bai karɓu ba, har ya rasu a 1873. Dunlop bai san da aikin ba, amma doka ba ruwanta da rashin sani: takardarsa ta zama ba ta da ƙarfi. Masu rubuta furojet a wannan zangon, ku lura da wannan. Kafin ka ce kai ne na farko, bincika abin da na gabanka suka yi.

Abin da ya ceci kamfanin shi ne sayen fasahar wasu. Tayar Dunlop ta farko manne ta ake yi a jikin gargare, idan ta yi faci an shiga uku. Charles Kingston Welch ya fito da taya mai waya a bakinta da gargare mai kwari a tsakiya, yadda za a iya cire ta a mayar. Du Cros ya saye wannan haƙƙin. Duk lokacin da ka ga mai faci ya sa ƙarfe ya ɓanɓare taya a bakin tasha, dabarar Welch ce yake aiki da ita.

Shi kuwa Dunlop ya bar aikin dabbobi ya koma Dublin, amma zamansu da kamfanin bai yi tsawo ba. Wajen 1895 ya janye. A 1896 aka sayar da kamfanin fam miliyan 3, wanda ya saya kuma ya sake saka shi a kasuwa kan fam miliyan 5. Mai sunan bai samu wani kaso na a-zo-a-gani ba a wannan ciniki. Wani zai ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, kodayake a yi adalci, ba don wayon du Cros ba da kamfanin ya mutu tun 1890. Har a ƙarshen rayuwarsa sai da ya kai kamfanin ƙara saboda wani zanen talla da ke nuna shi a matsayin tsoho ɗan gayu. Ya rasu a Dublin ranar 23 ga Oktoba, 1921, yana da shekara 81. Daga baya Bankin Northern na Ailan ta Arewa ya sa hotonsa a takardar fam 10. Sunansa ya iso har Nijeriya, inda masana'antar Dunlop ta Ikeja ta yi shekaru tana ƙera taya kafin ta daina.

To, me ya haɗa wannan da kwanar da ke gabanka a hanyar Gwaram? Babur ba ya juyawa sai ya kwanta, kuma a kan gefen tayarsa yake kwanciya. Shi ya sa tayar babur take da ƙugu mai zagaye, ta mota kuwa shimfiɗaɗɗiya.

Ga wani abu da kusan kowane mai babur ke yi bai sani ba. Idan gudunka ya wuce na mai tafiya a ƙasa kuma kana son yin hagu, hannun hagu kake turawa gaba kaɗan. Wato na ɗan lokaci kan babur dama yake kallo. Tayar gaba sai ta fice dama daga ƙarƙashinka, nauyinka da na babur ya rinjaya hagu, babur ya kwanta hagu, sannan kan ya biyo kwanar da kansa. Kamar ka ɗora tsintsiya a tafin hannu ne: idan kana son ta karkata hagu, hannun kake ja dama. Wilbur Wright, wanda shi da ƙaninsa Orville suka tashi jirgin sama a 1903, masu shagon keke ne a Dayton ta Amurka, kuma ya lura da wannan a wurin masu keke, har da cewa galibinsu ba su san suna yi ba.

Amfanin sanin abin shi ne ranar gaggawa. Akuya ta faɗo titi, ko rami ya bayyana bayan tirela. Wanda ya firgita ya murɗa kan babur zuwa inda yake son gudu, babur ɗin ɗaya gefen zai kwanta, ya kai shi kan abin da yake gudu. Wanda ya sani zai tura hannun ɓangaren da yake son zuwa, ya kalli mafita, ba ramin ba. A gwada a fili babu mota, a hankali, da hular kwano a kai, har jiki ya saba.

Amma duk wannan dabara a kan taya take tsaye, don haka ga abin dubawa kafin a saya. Na farko, lamba. Idan ka ga 2.75-17 ko 3.00-17, lambar farko faɗin taya ce a inci, ta biyu girman gargare. Bi abin da kamfanin babur ya rubuta. Cusa taya mai faɗi a siririn gargare yana ɓata zagayen ƙugunta. Na biyu, shekaru. Akwai lambobi huɗu a jikin taya: 2322 na nufin mako na 23 a shekarar 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, ga zafin ranarmu. Idan ka ga tsattsagewa a gefe, bar musu kayarsu. Na uku, zane. Mai yawan bin burji da yashi da lakar damina yana buƙatar zane mai zurfi, mai bin kwalta kuwa wanda ya fi laushi. Idan akwai kibiya a jikin tayar, a ɗaura ta yadda kibiyar ke nuna juyawar ƙafa. Na huɗu, nauyi. Mai ɗaukar buhu biyu da fasinja ranar kasuwa ya duba ƙarfin da aka rubuta a gefen tayar.

Bayan saye kuma sai kula. A auna iska da safe kafin taya ta yi zafi, da ma'auni, ba da matsa yatsa ba. Iska ta yi ƙasa, kan babur ya yi nauyi, taya ta yi zafi. Ta yi yawa, inda ke taɓa ƙasa ya ragu. Tayar da tsakiyarta ta suɗe ta zama fili ba ta son kwanciya, idan ta kwanta kuma sai ta faɗa kwanar farat ɗaya. Na san kuɗin taya ba wasa ba ne ga ɗalibi, amma ka kwatanta shi da kwana uku a gadon asibiti ana saura mako guda jarabawa.

Idan an ba da hutu, kafin ka ɗaga ƙafa ka hau bayan kowa, sunkuya ka dubi tayar. Idan ta suɗe, ba shi haƙuri ka jira na gaba. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya.