Abubakar Imam: marubucin da karatu ya haifa

Mai barin Zuru ya nufi kudu ta hanyar Rijau, a Kwantagora zai yada zango. A wannan gari ne aka kafa tushen labarin Ruwan Bagaja, kuma ba da ka aka zaɓe shi ba, domin marubucin ɗan yankin ne. An haifi Abubakar Imam a 1911 a Kagara, wadda yau take cikin Jihar Neja, a gidan malamai. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, wansa kuwa shi ne Muhammadu Bello Kagara wanda ya rubuta Ganɗoki. A zaure ya fara karatu da allo da littattafan Larabci, daga baya ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina.

A 1933 Dokta Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zagaya garuruwan Arewa yana neman malaman da za su rubuta ƙagaggen labari da Hausar boko. Abin ya zo wa mutane baƙo. Malami a wancan zamani waƙar wa'azi ya sani da tarihi, tatsuniya kuwa an bar wa mata da yara bayan sallar lisha. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Imam yana ɗan shekara 22 ya rubuta nasa.

Wanda ya san Maƙamatul Hariri zai ga inuwarta a cikin Ruwan Bagaja, kuma Imam bai taɓa ɓoye haka ba. Mutum biyu ne suke ta haɗuwa gari bayan gari, kowa na shirya wa ɗan'uwansa gadar zare. Sai dai Alhaji Imam da Malam Zurƙe ba Larabawa ba ne da aka sanya wa babbar riga. Almajiranci, da tsibbu, da zaman fada, da shari'ar alƙali, duka na ƙasar nan ne, har mai karatu ya rantse ya taɓa haɗuwa da Zurƙe a tasha.

Babban aikin ya zo a 1936, sa'ad da aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya na wata shida. East ya tara masa littattafai: Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwa Grimm, da hikayoyin aku na ƙasar Indiya. Imam ya karanta, ya rufe, ya rubuta. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, wanda aka fara bugawa a 1937.

A nan ne masu nazari suka daɗe suna ja-in-ja. Wasu na ganin tun da asalin labaran na wasu ne, abin da ya yi bai wuce fassara ba. Ni a ganina wannan hukunci ya yi gaggawa. A duba labarin Kalala da Kalalatu. A wajen Jamusawa kuyanga ce ta cinye kajin maigidanta, ta tsorata baƙo ya gudu. Imam ya mayar da ita matar gida, nan take labarin ya sauya nauyi, ya koma kan zaman aure da kwaɗayi da kunyar baƙo, abubuwan da Bahaushe ba ya wasa da su. Haka Sarkin Busa, wanda tushensa mai sarewar nan ne na garin Hamelin. Ƙashin bayan aro ne, amma nama da jini da muryar duka nasa ne.

Sannan ga ginin da ya ɗora labaran a kai. Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri na ƙulla makirci, aku kuma ba shi da makami sai baki, yana ba Musa labari dare bayan dare don ya hana shi fita ya faɗa tarko. Kowace hikaya aiki take yi, rai take tsarewa. A littafi na uku akun ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake ba da labari, wato Imam ya sa darasin sana'arsa a bakin tsuntsu. Jimlolinsa gajeru ne, karin magana na shigowa ne inda ta dace, ba a jibga ta don ado ba, kuma yakan bar mutum ya tona asirin kansa da bakinsa.

Jarida ce ta raba shi da ƙagaggen labari. A Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, shi ne editanta na Hausa na farko, ya riƙe ta fiye da shekara goma. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga nan siyasa da aikin gwamnati suka ja shi, har ya zauna a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Alƙalaminsa ya karkata ga tarihin Musulunci, bai sake rubuta wani abu irin Magana Jari Ce ba. Arewa ta sami ɗan jarida da ma'aikaci, adabi kuwa ya yi rashin mai ba da labari tun bai cika shekara talatin ba.

Ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981, yana da shekara 70.